Ina Amfanin Nahawun Da Bai Gyara Rubutu Ba?

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawa ya fito, kuka ɗaya mu ke ji daga shugabannin makarantu da iyayen yara, watau Turanci ya kayar da ɗalibai. Ofisoshi kuma suna da nasu kukan. An ɗauki saurayi aiki, takardun shaidarsa sun cika, amma in aka ce ya rubuta wasiƙa mai layi goma, sai babban akawu ya zauna ya sake ta tun daga gaisuwa har sa hannu. Maganin da kowa ya kan kawo shi ne a ƙara darasin nahawu. Mu ma ba mu ƙi a koyi nahawu ba. Amma kafin a ƙara ko da minti ɗaya a kan jadawalin kwalejojin horon malamai, ya kamata a tsaya a yi tambaya: wane irin nahawu, kuma ta wace hanya?

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wata takardar jarrabawa da ta biyo ta hannunmu a wata kwaleji. A tambaya ta farko an ce ɗalibi ya kawo azuzuwan kalmomin Turanci guda takwas, ya bayyana kowanne. Yaron nan ya zubo su tsaf, da ma'anarsu da misalinsu, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, aka ba shi makinsa cikakke. A tambaya ta biyu an ce ya rubuta wa shugaban makaranta wasiƙar neman izinin zuwa gida. Ga yadda ya fara: "My father he is sick since last week." Kalma takwas, kuskure biyu. Kuma ba ko ɗaya daga cikinsu da haddar da ya yi a shafi na farko za ta iya tsare shi daga faɗawa. Shekara ɗaya ta rage masa ya fita ya tsaya gaban yara sittin ko fiye, su kuwa abin da ya rubuta a allo shi za su kwafa, su ɗauka shi ne daidai. Tun da ya ke takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da doka ta yarda a koyar da ita a Nijeriya, kwalejojin nan su ne mafarin ruwa. In ya gurɓace daga can, duk wanda ya ke ƙasa gurɓatacce zai sha.

Ba laifin yaron ba ne, kuma ba duka ne laifin malaminsa ba. Irin nahawun nan na haddar ma'anoni gadonsa mu ka yi. Turawa sun tsara shi ne bisa ƙirar nahawun Latin, littafin Lindley Murray na 1795 ya baza shi cikin makarantun Ingila da Amurka, sa'an nan ya biyo masu mulki zuwa ƙasashenmu. An yi shi domin yaran da su ka tashi da Turanci a bakinsu tun suna goye. Yaron Landan ba ya bukatar a gaya masa inda zai sa "the", ya riga ya sha wannan a nono. Abin da a ke koya masa kurum shi ne sunayen abubuwan da ya riga ya iya.

To, ko a can ɗin ma da aka auna, ba a sami abin da a ke zato ba. A 1963 Richard Braddock da abokan aikinsa biyu su ka tattara binciken da aka yi a kan koyar da rubutu, domin ƙungiyar malaman Turanci ta Amurka. Hukuncin da su ka yanke shi ne koyar da nahawu a ware, ba tare da rubutu ba, amfaninsa ga kyautata rubutu ƙalilan ne ƙwarai, har ya kan zama ɓarna idan ya cinye lokacin da ya kamata a yi rubutun kansa. A ƙasar Niyuzilan kuma Warwick Elley da jama'arsa su ka bi ɗaliban wata sakandare har shekara uku, waɗansu ana koya musu nahawu, waɗansu kuwa karatu da rubutu kawai. Da aka buga sakamakon a 1976, ba a ga wani bambancin kirki tsakanin rubutunsu ba.

Waɗansu malamanmu da su ka ji wannan labari a jami'a sun dawo suna cewa ai nahawu ya mutu, a bar yara su yi ta rubutu, harshe zai zo da kansa. Wannan ma kuskure ne, kuma a ganinmu ya fi na farko hatsari. Yaran da aka auna a Amurka da Niyuzilan Turanci ne harshen gidansu. Ɗalibinmu na Gumel ko Yawuri ko Misau ba ya jin Turanci a gida, ba ya jin sa a kasuwa, sau da yawa ko a makaranta ba ya jin ingantacce. Idan ba a nuna masa ƙa'ida ba, ina zai tsince ta? Masu binciken koyon harshe na biyu sun duba wannan, kuma a shekara ta 2000 John Norris da Lourdes Ortega su ka haɗa sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, su ka ga bayyana wa mai koyo ƙa'ida a fili ya fi barinsa ya lalubo da kansa. Saboda haka nahawu wajibi ne a gare mu. Sai dai nahawun da mu ke bukata shi ne wanda aka yanka daidai jikinmu.

Akwai fannin ilmi da aikinsa ke nan, watau ɗaukar abin da masana harsuna su ka gano a yi aiki da shi wajen koyarwa. Ya kafu ne a Jami'ar Mishigan ta Amurka ta hannun Charles Fries a shekarun 1940, aka kuma buɗe masa makaranta tasa a Jami'ar Edinbara a 1957. A wannan shekara ɗin ne Robert Lado ya fitar da littafinsa, inda ya ce in kana so ka san inda mai koyo zai sha wuya, to, ka jera harshensa da harshen da ya ke koyo, ka duba inda su ka saɓa. Lado ya ɗan wuce gona da iri, gama ba kowane kuskure ne ya ke fitowa daga harshen uwa ba. Ɗan Bature ma ya kan ce "goed" kafin ya gane "went". Shi ya sa a 1967 Pit Corder ya gyara maganar, ya ce malami ya duba kurakuran da ɗalibansa su ka yi da gaske, gama kuskure shaida ne na irin ƙa'idar da mai koyo ya gina a kansa. In an haɗa maganganun nan biyu an sami hanya: ka tara kurakuran ajinka, ka nemi asalin kowanne, ka koyar da wannan.

Bari mu koma ga wasiƙar yaron nan mu gwada. Me ya sa ya rubuta "my father he"? Domin Bahaushe ba ya cewa "Audu zo", sai "Audu ya zo". Wannan ɗan "ya" ko "ta" ko "sun" tilas ne a jimlar Hausa ko da an ambaci mai aikin, kuma shi ne ya ke ɗauke da alamar ko aikin ya ƙare ko yana gudana. Yaron ya bi ƙa'ida sosai, ta Hausa. Malamin da ya san haka zai rubuta jimlolin biyu a allo, ɗaya bisa ɗaya, ya nuna wa aji cewa Turanci yana cusa wannan aiki cikin fi'ilin kansa, saboda haka ba ya son wakilin suna a bayan suna. Minti biyar sun isa. Malamin da bai sani ba kuwa zai ja jan layi, yaro ya ga ja, bai san dalili ba, mako mai zuwa ya maimaita. Daga wannan tushe ne kuma irin su "the man whom I gave him the money" su ke fitowa, gama mu "mutumin da na ba shi kuɗin" mu ke cewa.

Kuskure na biyu ya fi zurfi, kuma nan ne ya kamata malamai su daɗe. Ku dubi jimlolin nan uku: jiya war haka yana noma, yanzu yana noma, gobe war haka yana noma. Kalmar "yana" ba ta motsa ba. Hausa ta fi kula da yanayin aiki, ko ya kammala ko yana cikin gudana, ta bar wa "jiya" da "gobe" su faɗi lokaci. Turanci kuwa ba ya yarda ka buɗe baki sai ka zaɓi lokaci a cikin fi'ili: "was", "is", "will be". Haka nan "ya tafi" guda ɗaya tamu, Bature ya raba ta uku, "went" da "has gone" da "had gone", kowace da wurinta. Yaronmu ya ce a ransa "babana ba shi da lafiya tun makon jiya", ya juya ta kalma bayan kalma, bai san Turanci ya ware wata siga musamman domin abin da ya fara a baya kuma bai yanke ba har yanzu, watau "has been".

Kada akawu ya ce wannan gardamar malamai ce. A ce ana cika takardar tarihin aikin wani malami. In ka rubuta "he has been headmaster for five years", ka ce har yau shi ne hedimasta. In ka rubuta "he was headmaster for five years", ka ce ya sauka. Da Hausa duka biyu "ya yi shekara biyar yana hedimasta" ne, sai abin da ya biyo baya ya rarrabe. Wanda zai karanta fayil ɗin a hedikwata bai san mutumin ba, takarda kurum ya sani, kuma a kanta zai lissafa alawus ko ya tsayar da shi. Mun ga mutumin da ya yi ta zirga-zirga wata da watanni a kan abin da bai fi wannan ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni. In aka tambayi Bahaushe, "Ba ka karɓi kuɗin ba?" ya kan ce, "I", watau i, maganarka gaskiya ce, ban karɓa ba. Bature kuwa in ya ce "yes" ga irin wannan tambaya, nufinsa ya karɓa. To, a ce kwamitin bincike ne ya ke zaune, an yi tambaya da Turanci, mai amsa ya amsa da zuciyar Hausa, magatakarda ya rubuta "yes". Mutum ya yi iƙirarin abin da ya ke musu. Ba mu taɓa ganin wannan a cikin babin azuzuwan kalmomi takwas ba, amma duk wanda zai riƙe alƙalami a kotu ko majalisa ya wajaba ya san shi.

Ƙananan kalmomin nan "a" da "the" su ma sun isa a ba su mako guda. Hausa tana da abin da ya yi kama da su: littafi, littafin, wani littafi. Kamar ce ta ke ruɗin mutane, gama iyakokinsu ba ɗaya ba ne. Mu kan ce "rana ta faɗi", "Gwamna ya iso", ba tare da wata alama ba, Turanci kuwa sai da "the". Kuma ɗan harafin nan guda ya kan juya ma'ana: mai rahoton da ya ce "a few parents came" ya ce waɗansu iyaye sun zo, an gode, wanda ya ce "few parents came" ƙara ya kai, ya ce kusan ba wanda ya zo. Sauran kuwa sanannu ne, ba sai mun daɗe a kansu ba. "Shekara goma" ta kan haifi "ten year". "Sha magani" ya kan haifi "drink medicine", "jin wari" kuma "hear smell". "Ara mini" ya kan zama "borrow me", ko da ya ke a nan Hausa ce ta fi Turanci tsantseni ta wata fuska, tun da ta raba aro, wanda a ke mayar da abin da kansa, da rance, wanda a ke mayar da madadinsa. Yana da kyau a riƙa gaya wa ɗalibai irin wannan, don kada su tashi da zaton harshensu ne ya gaza. Har rubutun kalmomi ma bakinmu ya kan shiga ciki: wanda bai raba sautin "p" da "f" ba zai rubuta "fool" inda ya ke nufin "pool", kuma harshen da ya mai da "bread" burodi zai so ya cusa wasali duk inda baƙaƙe su ka cunkushe.

Za a ce, ai ba dukan ɗalibai ne Hausawa ba. Gaskiya ne, kuma wannan ƙarin hujja ce. Bahaushe ba ya cika rikita "he" da "she", gama harshensa ya raba shi da ita. Abin da ya ke ba shi wuya "it" ne, tun da a wurinmu kowane abu namiji ne ko tamace. Babarbare kuwa harshensa bai raba jinsi ba, kuma fi'ilinsa a ƙarshen jimla ya ke zuwa, saboda haka ramukan da zai faɗa dabam ne. Malamin da aka horar ya duba ta wannan fuska zai gane cewa ajinsa ba cuta ɗaya ta ke damunsa ba. Tun 1969 Elizabeth Dunstan ta tsara littafi a kan sautukan harsunan Nijeriya goma sha biyu domin amfanin masu koyar da Turanci. A tambayi ɗakin karatun kwalejinku ko yana da shi.

Wannan ya kawo mu ga abin da mu ka san waɗansu shugabannin makarantu ba za su so ji ba. Ba yadda za a kwatanta harshe biyu alhali an hana ambaton ɗaya. Har yanzu akwai makarantun da a ke cin tarar yaro ko a ba shi horo don ya yi Hausa. Mun fahimci niyyar, ana so kunnen yara ya saba da Turanci, kuma lalle yawancin darasin Turanci da Turanci ya kamata a yi shi. Amma hana malami ya rubuta jimlar Hausa a allo don ya nuna inda ta rabu da ta Turanci, kamar a hana mai gini ya duba ƙasar da zai kafa harsashi ne. Bugu da ƙari, malamin Turanci da bai san nahawun Hausa ba, rabin kayan aikinsa ya ke riƙe da shi. Kayan kuwa suna nan. Ƙamus na Bargery ya fito tun 1934, na Abraham a 1949. Farfesa M. K. M. Galadanci ya rubuta gabatarwar nahawun Hausa a 1976, Paul Newman ya fitar da babban nahawunsa a 2000, Philip Jaggar kuma a 2001. A kwalejoji da yawa sashen Hausa da sashen Turanci suna gini ɗaya, amma gaisuwa kaɗai ta ke haɗa su.

Abin mamaki shi ne hanyar da mu ke kira a bi ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malamin nahawun Larabci ya san ta. Ana haddace Ajurrumiyya, gaskiya ne, mai himma ya wuce zuwa Alfiyya ta Ibn Malik, kuma Malam Abdullahi na Gwandu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana manyan littattafai a nahawu da sarfu. Amma ba a ɗaukar almajiri ya san nahawu don ya kawo matani da ka. Sai an buɗe littafi, an nuna masa jimla, an ce ya yi i'irabinta: me ya sa wannan kalma ta ɗauki rufu'a, me ya sa waccan ta ɗauki wasalin ƙasa, in an sāke wasalin ina ma'ana za ta nufa? Malam kuma yana fassara masa da Hausa, yana nuna masa inda Larabci ya gabatar da abin da mu mu ke jinkirtawa. Ƙa'ida ba ta rabuwa da nassi. Mu ne a makarantun boko mu ka ɗauki haddar mu ka bar i'irabin. Binciken baya-bayan nan ma nan ya dawo: a 2012 Debra Myhill da abokan aikinta a Jami'ar Ekseta ta Ingila su ka nuna cewa in an koyar da nahawu a cikin aikin rubutu, ana nuna wa ɗalibi abin da kowane zaɓi ya ke yi wa ma'ana, rubutu ya kan inganta, ko da ya ke waɗanda su ka riga su ka ɗan ƙware su ne su ka fi cin riba.

To, yaya za a yi a aikace, alhali a waɗansu kwalejoji malami ɗaya ya ke tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai? Mun san wannan nauyi, ba daga nesa mu ke magana ba. Malamin da ya ce zai gyara kowane kuskure a kowace takarda, ƙarshensa ya daina ba da aikin rubutu gaba ɗaya, kuma haka ɗin ne ya faru a wurare da yawa: an koma tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, ɗalibi ya gama shekara uku bai rubuta shafi biyu a jere ba. Shawararmu ita ce malami ya sayi littafin rubutu guda, ya sa masa suna littafin kurakurai. Duk mako ya ɗebi takardu ashirin ko talatin, ya kwafe jimlolin da su ka karkace, ba tare da sunan mai su ba. Kafin wata guda zai ga abin da kowane tsohon malami ya sani, watau kurakuran ba su da yawan iri, 'yan kaɗan ne su ke ta komowa cikin tufafi dabam dabam. Sai ya ɗauki guda ɗaya a mako, ya bayyana asalinsa, ya sa a rubuta sakin layi, ya duba wannan abu ɗaya kaɗai, sa'an nan ya mayar wa ɗalibi takardarsa ya sake rubutawa da hannunsa. Sake rubutun nan shi ne darasin. Takardar da aka cika da ja aka jefa cikin akwati ba ta koya wa kowa kome ba.

A haɗa da aikin ɗinke jimloli. Salon labarinmu na "sai ya tashi, sai ya tafi, sai ya tarar" yana da daɗi da Hausa, amma in an kwashe shi zuwa Turanci sai ya zama igiya mai tsawo ta "and" da "then", ba aya ba waƙafi. A ba ɗalibi gajerun jimloli uku, a ce ya mai da su ɗaya ta hanyoyi biyu ko uku, ya faɗi wadda ta fi da dalili. Rahoton da Steve Graham da Dolores Perin su ka fitar a Amurka a 2007 ya sa wannan aiki cikin hanyoyin da aka tabbatar suna kyautata rubutu, alhali nahawun da a ke koyarwa a ware bai sami shiga ba.

Sa'an nan karatu. Ba wanda ya taɓa iya rubuta harshen da bai karanta ba. A tsibirin Fiji, inda Turanci baƙon harshe ne kamar yadda ya ke a wurinmu, Elley ɗin nan da Francis Mangubhai sun zuba littattafan labarai wajen 250 a azuzuwan waɗansu makarantun ƙauye a 1980, kuma cikin watanni takwas yaran su ka ci gaba a karatu ninki biyu na abin da aka saba gani. Da aka shiga shekara ta biyu, ribar ta bayyana har a rubutunsu da nahawunsu. Mu kuwa ɗalibinmu abin da ya ke karantawa shi ne takardun da malami ya buga ya sayar masa, da gajerun saƙonnin waya.

Muna da 'yar magana da akawuna musamman. Tun zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aka gaji wani irin Turancin ofis mai kumbura, wanda a ke auna gwanintar mutum da tsawon kalmominsa. Yara sun gani sun kwaikwaya, suna haddace manyan kalmomi daga ƙamus suna jera su a kan jimlar da ƙafafunta ba su tsaya ba. Wasiƙar aiki ba ta bukatar haka. Ta faɗi abin da a ke so a sakin layi na farko, ta kawo dalili a na biyu, ta tsaya. Doguwar gaisuwa da tambayar iyali adonmu ne, kuma muna alfahari da shi a wurinsa, amma mai karanta wasiƙa hamsin a yini yana neman maganar ne. Babban akawun da ya ke karɓe daftarin ƙaramin ma'aikaci ya sake shi a ɓoye, ya taimaki wasiƙar yau kurum. In ya kira yaron ya zaunar da shi minti goma, ya nuna masa wuri biyu da dalilinsu, ya rage wa kansa aikin baɗi.

Kada kuma a fahimce mu da cewa duk abin da ya saɓa wa bakin mutanen Landan kuskure ne. Turanci ya zauna a ƙasar nan ya yi 'ya'ya. David Jowitt ya rubuta littafi a kan Turancin Nijeriya a 1991, kuma a watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Okusfod ya shigar da kalmomi 29 daga Nijeriya, har da Kannywood. Kalmomin abincinmu da sarautunmu da sana'o'inmu ba abin kunya ba ne a rubutu. Amma ginin jimla wani abu ne dabam. Mai duba takardar WAEC ko NECO bisa daidaitaccen Turanci ya ke ba da maki, jami'a kuma ba ta ɗaukar wanda bai sami kiredit a Turanci ba, ko da ya fi kowa lissafi. Ɗan talaka da aka bari da "my father he is sick" an rufe masa ƙofa, ɗan mai hali kuwa an sama masa malami a gida.

Saboda haka muna roƙon shugabannin kwalejojin horon malamai, kafin a buɗe zango mai zuwa, kowannensu ya zaunar da shugaban sashen Turanci da na sashen Hausa a tebur ɗaya, da na sauran harsunan da a ke koyarwa a wurin, a ajiye musu takardun jarrabawar bara guda ɗari. Su fitar da kurakurai goma da su ka fi yawa, su rubuta asalin kowanne da yadda za a bayyana shi, a buga a 'yan shafuka a raba wa duk ɗalibin da zai fita koyarwar gwaji. Ba a bukatar kuɗi daga ma'aikata, ba a bukatar baƙon masani daga waje. Kwalejin da ta yi haka, ta aiko mana da abin da ta samu, za mu buga shi a wannan shafi domin malaman firamare da ke nesa da ɗakin karatu su ma su gani.